Ranar da Jikin Hambali Ya Ƙi Allura

A shekarun da suka biyo bayan farin nan da ya kashe shanu, babu wanda ake nema a ƙasar Gwaram kamar mai haƙar rijiya, a cikin masu haƙar kuwa babu wanda ake nema kamar Hambali na Farin Dutse. Gajere ne kakkaura, mai faɗin kafaɗa, muryarsa kuwa ko yana can ƙasan rijiya sai ka ɗauka a gefenka yake magana. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, siminti ya wadata, unguwanni suna haɗa kai su sa a haƙa musu rijiya a zuba mata kankare. In aka kira Hambali sai ya zagaya wurin, ya dubi irin itatuwan da suka fito, ya murza ƙasa a hannu, sannan ya dangwala sandarsa ya ce a nan. Ba a taɓa jin ya ce wataƙila ba.

Sana'ar tasa ba ta rabuwa da rauni. Yau diga ta goce, gobe dutse ya faɗo daga sama, jibi igiya ta sale tafin hannu. Maganinsa kuwa guda ɗaya ne, allurar fenisilin, wadda ake zuƙowa fara sol kamar madara. Tun yana saurayi, lokacin da aka fara buɗe ɗakunan shan magani a karkara, ya saba da ita. Da ciwo ya yi ruwa sai ya hau kekensa ya je a yi masa, kafin a kwana biyu ya warke ya koma rami. Saboda ya dogara da ita bai damu da wanke ciwo ba. Sai ya yagi tsumma ya ɗaure, ya ce in ya ƙi ji akwai wadda za ta yi masa magana. Matarsa Huseina ta yi faɗan har ta gaji.

Ranin wata shekara mutanen wata unguwa a Dingaya suka aiko masa. Matansu na yin tafiya mai nisa kafin su sami ruwa, tsohuwar rijiyarsu ta ƙafe tun lokacin fari. Da Hambali ya zagaya sai ya tsaya kusa da wata tsohuwar tsamiya da ke bayan gari. Mai unguwa Muhammadu ya ce dattawa ba sa son a taɓa wajen tsamiyar nan, ana cewa akwai masu wurin. Hambali ya ce shi dai ruwa aka ce ya nemo, kuma ruwan yana nan. In sun fi son wuri mai kyan gani zai haƙa musu rami mai kyan gani. Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka fara aiki.

An wuce jar ƙasa, an wuce marmara, sai aka tarar da fa, shimfiɗaɗɗen dutse mai tauri. A nan ne wata rana diga ta daki dutsen, wani gutsure ya tashi ya yanke shi a ƙwauri. Ya ɗaure da tsumma kamar yadda ya saba ya ci gaba. Bayan ƴan kwanaki ƙafar ta kumbura, kaluluwa ta fito masa, zazzaɓi ya fara rufe shi da yamma. Ranar kasuwa ya ce wa masu jan guga su huta, ya hau keke ya nufi wani ƙaramin ɗakin shan magani da ke bakin hanyar mota.

Mai kula da wurin, Malam Manu, siririn Bafulatani ne mai tabarau, wanda ba ya son hayaniya. Sun daɗe da sanin juna. Ya kwance tsumman, ya yamutsa fuska, ya wanke ciwon, sannan ya ɗauko sirinji daga tukunyar da yake tafasa su a kan risho. Kamar yadda yake yi wa kowa, ya tambaye shi ko allurar ta taɓa ba shi matsala.

Hambali ya yi dariya ya ce, "Malam Manu, ta bara ma ai kai ka yi mini. Da za a matse ni, rabin jinina ita ce."

Aka yi allura. Manu ya ce ya zauna a benci ya ɗan huta kafin ya tafi, Hambali ya ce yana son ya riski mai igiya kafin ya tashi daga kasuwa. Ya fita ya kama kekensa.

Bai kai ga ɗaga ƙafa ba ya ji tafin hannuwansa suna ƙaiƙayi, irin ƙaiƙayin da ke can cikin nama inda farce ba ya kaiwa. Ya goga su a jikin riga. Sai fatar kansa ta ɗauka, sai wuya, sai ƙirji. Ya duba damtsensa ya ga wasu manyan tabbai sun taso jajaye, suna haɗuwa da juna yana kallo. Ya ji leɓɓansa sun yi nauyi kamar ba nasa ba. Ya buɗe baki zai kira Manu, muryar nan da ake ji daga ƙasan rijiya ta fito siririya kamar ta ɗan tsako. Maƙogwaronsa na tsukewa, iska na shiga da ƙyar tana fito. Ya taɓa shiga rijiyar da iskarta ta lalace, ya san yadda ƙirji ke yi in numfashi ya ƙare, amma wancan karon ya san da an ja igiya zai fito. Yanzu a fili yake, rana tsaka, ga mutane na wucewa da awakinsu. Keken ya faɗi, shi ma ya bi shi.

Wata mai sayar da fura ce ta kira Manu. Da ya leƙo ya ga fuskar Hambali bai tsaya tambaya ba. Ya koma da gudu ya fasa wata ƴar ƙaramar kwalba ta allurar gaggawa, ya zuƙo, ya soka masa a cinya ta saman wando. Ya sa aka kwantar da shi aka ɗora ƙafafunsa a kan benci, ya kori mutanen da suka yi cincirindo. Can sai fiton ya ɗan ragu, ƙirjin ya fara ɗagawa. Manu ya tare wata akori-kura da ta ɗauko dawa za ta Birnin Kudu, aka shimfiɗa Hambali a kan buhuna, ya kulle ɗakin maganin ya hau tare da shi. A hanya numfashin ya sake tsukewa, ya ƙara masa wata. Direban ya ce bai taɓa gudu irin na ranar ba a wannan hanya mai gargada.

A babban asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa abin da ya kamata. Kashegari kumburin ya saɓe, sai dai idanu da suka rage ƙanana da gajiya kamar an yi masa duka. Huseina ta iso da ƙwaryar fura da tabarma, ta zauna a gefen gadon, sai gyara masa mayafi take yi ko da bai zame ba.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, wata nas mai suna Zahara'u ce ke fassarawa. Ta gaya masa cewa jikinsa ne ya ƙi fenisilin, kuma daga yau har ƙarshen rayuwarsa kada ya yarda a yi masa ita, kada ya sha kafso ɗin da ke danginta. Hambali ya ce sam ba haka ba ne, a sake dubawa. Ya ce allurar da ya fi shekara ashirin ana yi masa ba za ta tashi rana ɗaya ta zama guba ba. Ko dai zazzaɓin ne, ko rana ce ta buge shi. Likitan ya saurara har ya gama, sannan ya yi bayani a hankali. Zahara'u ta ce haka abin yake zuwa wa wasu: jiki ya yi shekaru yana karɓar magani lafiya, rana ɗaya ya juya masa baya, kuma in ya juya ba ya komawa. Babu laifin maganin, babu laifin wanda ya yi allurar. Ta ce borin jini ne, amma babbansa, wanda ke kama har maƙogwaro, kuma na gaba yakan fi na baya tsanani.

Hambali ya dubi ƙafarsa da aka naɗe da bandeji. Abin da ya tsaya masa a rai ba mutuwar da ya tsallake ba ce. Yana tunanin yadda mutum zai shiga rami da diga alhali abin da ke warkar da shi ya zama abokin gaba.

Ya ce, "To, in na sake yankewa fa?"

Zahara'u ta ce, "Akwai wasu magungunan, Baba. Ga shi yanzu ma su muke ba ka. Sai dai ba ka da damar yin sakaci kamar da. Kuma duk inda ka je, kafin a taɓa ka, ka faɗa musu."

Huseina ta sa ta maimaita mata sunan allurar har ya zauna a bakinta. Ta fita baranda tana nanatawa ƙasa-ƙasa kamar mai tilawa.

Ƙwayoyin da aka ba shi sun yi aiki, amma a hankali, ba irin saurin da ya saba ba. Da aka sallame shi ya koma Farin Dutse yana ɗingishi, sai ya tarar labari ya riga shi isa, kuma ya rabu biyu. Mutanen Dingaya sun ce masu tsamiya ne suka buge shi, har sun rufe bakin ramin da ƙaya, ana shawarar a cike shi. A kasuwa kuwa cewa ake Malam Manu ne ya yi masa allurar da ta lalace. Mata sun daina kai ƴaƴansu wurinsa. Wasu sun koma wajen masu yawo da jaka a kan keke, waɗanda ke yi wa mutum allura a gindin bishiya su wuce.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne Buba, yayan Hambali. Ya zo dubiya ya zauna a zaure ya ce ya riga ya yi magana da dagaci, za a kai ƙara gaban hakimi a kori Bafulatanin nan kafin ya kashe wani. Hambali ya bar shi ya gama. Sannan ya ce masa, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, mutumin da ake so a kora shi ne ya kulle wurin aikinsa ya hau bayan mota yana tallafe da shi har Birnin Kudu. Ya ce in aka kai ƙara, shi da kansa zai je ya tsaya a bayan Manu. Buba ya ce asibiti sun wanke masa kai. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Ranar kasuwa ta gaba Hambali ya sa babbar rigarsa, ya ce a ɗora shi a bayan keke. Da ya isa ya tarar da bencin ɗakin maganin babu kowa, Manu na zaune a ciki shi kaɗai yana goge kwalabe da ba su da datti. Da ya ga Hambali sai ya miƙe. Hambali ya ce a fito da bencin waje, bakin hanya, can yake so a wanke masa ciwon saboda ciki akwai zafi. Manu ya dube shi ta saman tabarau, ya gane, ya fito da benci.

Kafin a gama kwance bandejin mutane sun taru. Hambali ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ta dawo daram. Wani dattijo ya tambaye shi ba ya tsoron hannun da ya kusa kai shi lahira.

Hambali ya ce, "Baba, a gidanku babu wanda in ya ci kifi jikinsa ke tashi?"

Dattijon ya ce akwai, ƙanwarsa ce, ko miyar da aka sa kifi ba ta sha.

"To kun daina cin kifi? Kun kai masunci ƙara?" Ya nuna ƙirjinsa. "Nawa jikin ne ya ɓata da allurar. Ni da ita mun rabu, rabuwa ta har abada. Amma ta yi mini aiki shekara da shekaru, kuma za ta yi wa ƴaƴanku. In ma abin zai faru da mutum, gara ya faru a gaban wanda ya san abin da zai yi. Da a gindin bishiya aka yi mini ita, da yanzu kuna zaman makokina."

Ya ƙara da cewa Manu ya ce masa ya zauna ya huta bayan allurar, shi ne ya ƙi saboda igiya. Duk wanda aka ce ya zauna, ya zauna. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka taɓe baki suka wuce. Ba a ranar aka koma wurin Manu ba. Amma Hambali ya ci gaba da zuwa duk ranar kasuwa a wanke masa ƙafa a bakin hanya, yana hira da masu wucewa, kuma a hankali bencin ya fara samun masu zama har ya zamana sai ya jira layi. Maganar ƙara ta mutu don babu mai ƙara. Buba dai bai sauka daga ra'ayinsa ba, har ya tsufa bai taka wurin Manu ba, kuma sun daɗe da ƙanen nasa gaisuwa kawai ke haɗa su.

Saura rijiya. Da ciwon ya rufe, Hambali ya tafi Dingaya ya sami Mai unguwa Muhammadu a ƙofar gida. Mai unguwa ya yi masa barka da arziki, sannan ya fara kewaye-kewaye: mutane sun tsorata, damina ta kusa, wataƙila a bari sai baɗi a nemi wani wurin. Hambali ya ce abin da ya same shi a bakin hanyar mota ya same shi, nesa da tsamiya, kuma likita ya gaya masa sunansa. Ya ce shi bai taɓa barin rami babu ruwa ba, ba kuma zai fara daga Dingaya ba. In dattawa na son a yi sauka a yi sadaka kafin a ci gaba, shi ma yana so, addu'a ba ta yi wa kowa yawa. Amma ramin ba za a cike shi ba.

Aka kira malamai suka yi addu'a a gindin tsamiyar, aka raba waina. Masu jan guga biyu suka ce ba za su dawo ba, ya nemo wasu daga Farin Dutse. Ya janye ƙayar da hannunsa.

Mutanen da suka san shi sun lura ya sauya. Ya sayo dogayen takalman roba a Birnin Kudu, irin na ma'aikatan hanya, ya riƙa sawa duk da zafin da ke ƙasan rami. Huseina ta haɗa masa ƙullin gishiri da sabulu da tsumma mai tsabta wanda ta tafasa ta shanya. In ya ɗan kurje, ko yaya yake, sai ya girgiza igiya a fito da shi, ya zauna ya wanke da ruwan gishiri ya ɗaure, sannan ya koma. Da farko abokan aikinsa suna yi masa tsiya, wai Hambali ya zama amarya. Ya ce su yi ta yi, amaryar ce dai za ta fito musu da ruwa. Daga baya su ma in sun yanke sai su zo su miƙa hannu a zuba musu.

Fan ya ba su wahala. Sai da suka riƙa hura wuta a kansa da yamma, da safe su kwara ruwa ya tsage, su bi da diga. Wata ranar ba a fitar da abin da ya wuce ƴan kwanduna. Mai unguwa kan zo ya leƙa ya koma. Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Sai wata rana da hantsi, bayan an ɗaga wani falalen dutse, Hambali ya ga yashin da ke ƙarƙashinsa ya yi duhu. Ya sa hannu ya damƙo, ya ji sanyi. Ya cika guga da shi ya girgiza igiya. Da gugan ya isa sama sai ya ji guɗa ta tashi daga wajen matan da ke tsaye nesa da tulunansu.

Kafin ruwan sama ya sauka an zuba kankare an ɗaure bakin rijiyar. Da ruwan ya kwanta aka ɗebo aka kai wa mai unguwa a ƙwarya. Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya miƙa wa na kusa da shi. Ruwan yana da ɗan zartsi. Ya yi wanki, ya yi girki, dabbobi na sha har su ƙoshi, amma masu son shayi suka ce yana ɓata musu shayi, wata tsohuwa kuma ta ce da an saurari dattawa da ba a sami ruwa mai ɗanɗanon kanwa ba.

Hambali ya karɓi ƙwaryar ya shanye sauran, ya goge baki. Ya ce ruwa ya yi musu alkawari, ba zuma ba, kuma in aka yi ta ɗiba zartsin zai ragu. Ya ragu ɗin, ko da yake bai tafi duka ba. Yana cikin naɗe igiyarsa wani mutum ya iso a kan babur daga Sundimina, ya ce masallacinsu na neman rijiya, an ce a tambaye shi ko zai iya zuwa bayan damina. Hambali ya ce ba sai bayan damina ba, gobe zai zo ya ga wurin.